Gishirin titi na cin ƙarƙashin mota: feshin mai ko baƙin shafe?

Baban Sadik, Hamilton:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema kafin Juma'a. Na sayi mota ta hannu ƙirar 2018, kuma wannan ne sanyin farko da zan yi da mota a Kanada. Dillalin ya ce in ƙara dala 1,200 su shafe ƙarƙashinta da wani baƙin abu mai kama da roba, su kuma ɗaura wani ɗan akwati a jikin batir, wai da lantarki yake korar tsatsa. Ya ce sau ɗaya ake yi har a rabu da motar. Maƙwabcina kuwa, wani dattijon Bature, da na ba shi labari dariya ya yi, ya ce in je a fesa mata mai kawai, amma duk shekara. Kaina ya ɗaure. A gida ban taɓa jin wanda ya kashe ko sisi saboda tsatsar ƙarƙashin mota ba.

Maman Ilham, Ottawa:
Wa alaikumus salam. Kada ka sa hannu tukuna. Mu duk watan Oktoba maigida ke kai motocinmu a fesa, kuɗin kowace bai kai dala 200 ba. Aibinsa ɗaya, sai ta yi kwana biyu ko uku tana ɗiga. Ka bar ta a bakin titi ko ka shimfiɗa kwali, in ba haka ba kai da mai gidan haya za ku sa zare.

Kawu Bakanike, Buffalo:
Ɗana, dattijon nan gaskiya ya gaya maka. Ni a ƙarƙashin motocin nan nake yini, abin da ido ya gani zan faɗa.

Baƙin shafen nan idan a kan sabon ƙarfe aka yi shi, motar ko titi ba ta taka ba, kuma mai aikin ya san hannunsa, ba ni da ja. Amma taka ta riga ta sha gishirin da ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara shekara da shekaru. Abin da za su yi shi ne su ɗaga ta, su watsa ruwa sama-sama, su feshe baƙin a kan tsatsar da ke wurin da gishirin da ya maƙale a lungu. Ka zo ɗauka ka ga ƙarƙashinta baƙi wuluk sai sheƙi, ranka ya yi fari. Sanyi biyu kawai, robar ta bushe, tsakuwa ta fasa ta nan da can, ruwan gishiri ya bi tsagar ya kwanta tsakanin roba da ƙarfe, kuma babu iskar da za ta kai wurin ta busar da shi.

Kwanan nan wani ya kawo mini akori-kura, wai yana jin ƙara a baya. Na ɗaga ta, na ga wani kumburi a jikin casis kusa da inda sifirin ya kama. Da bakin sukudireba na ɗan taɓa. Robar ta ɓare girman tafin hannu, jan ruwa ya tsiyayo mini a hannun riga, ƙarfen ya riƙa zubowa ɓawo-ɓawo. Sukudireba ta shige ciki ban ko danna ba. Mai motar na tsaye yana rantsuwa an yi mata maganin tsatsa, har da takarda.

Sannan tsatsar da ke kashe mota daga ciki take farawa. Cikin ƙofa, cikin dogon ƙarfen da ke ƙasan ƙofofi, cikin ramin casis, da duk inda aka naɗe ƙarfe biyu aka kama da walda. Shafe ba ya shiga can. Mai kuwa ruwa-ruwa ne, yana bin gaɓa yana ratsawa, ya ture ruwa ya zauna a wurinsa. Shi ya sa yake ɗiga, kuma shi ya sa sai an sake shi duk shekara.

Injiniya, Edmonton:
Kawu ya gama magana a kan shafe, bari ni in ɗauki akwatin. Dabarar kare ƙarfe da lantarki gaskiya ce, da ita ake kare jiragen ruwa da bututun mai da ke binne a ƙasa. Amma sharaɗinta ƙarfen ya kasance a nutse cikin ruwa ko danshin ƙasa, domin ta nan lantarkin ke zagayawa ya kai ko'ina. Mota a kan tayoyin roba take, a cikin iska. Ɗigon ruwan gishirin da ke cikin ƙofar baya ba shi da wata alaƙa da akwatin da ke gaban batir. Ni dai ba zan ba da kuɗina ba.

Game da abin da Baban Sadik ya ce na gida, ai dole. Tsatsa na bukatar ruwa da iska, gishiri kuma shi ke sa ruwan ya zama mai ɗaukar lantarki, sai cin ƙarfen ya yi sauri. A Kano wata bakwai ko takwas ƙarfe a bushe yake. Nan kuwa Kanada kaɗai tana zuba wajen tan miliyan 5 na gishiri a tituna duk shekara. Kusa da kai ma, a Goderich, akwai mahaƙar gishiri ta ƙarƙashin ƙasa mafi girma a duniya, tana ƙarƙashin tafkin Huron. Gishiri ba ya tsada a Ontario, don haka ba sa jin ƙyashin zuba shi.

Abin da ya ƙara lalata lamarin shi ne ba gishirin miya kaɗai ake zubawa yanzu ba. Shi idan sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifili ƙarfinsa ya ragu sosai, sai a koma kalsiyam kulorayid ko magnesiyam kulorayid. Waɗannan suna jan danshi daga iska da kansu, ko rana ta fito ƙarƙashin motarka a jiƙe yake. Ga kuma ruwan gishirin da ake fesawa kafin dusar ƙanƙara ta sauko, fararen layukan nan da kuke gani a kan kwalta. Shi da yake ruwa ne yana shiga inda tsaba ba ta shiga. Mu nan Edmonton an yi shekara biyu ana gwada fesa kalsiyam kulorayid, mutane suka yi ta ƙorafi a kan motocinsu da dakalin gidajensu, majalisar birni ta dakatar da shi a 2019.

Abu Hanif, Minneapolis:
Da girmamawa Kawu, ni ban yarda ba. Wannan zancen motocin da ne. Yanzu ƙarfen bodi tun daga masana'anta ake lulluɓe shi da zinki, a tsoma shi dungurungum cikin fenti na musamman, kuma ga garanti na tsatsa a rubuce. Ni ban taɓa fesa komai ba, wanki kawai nake yi, motata lafiyarta ƙalau. Masu feshin nan kasuwarsu suke ci, sun gano mu baƙi muna da tsoro.

Kawu Bakanike, Buffalo:
Abu Hanif, yaushe rabon da ka shiga ƙarƙashinta da fitila?

Abu Hanif, Minneapolis:
Masu canza mini mai suna dubawa ai.

Kawu Bakanike, Buffalo:
Masu canza mai noti ɗaya suke nema, su kwance su ɗaure. Ɗauko littafin garantin ka karanta da kyau. Yawancinsu shekara 5 ne, kuma sai tsatsa ta huda bodi daga ciki har ta ɓullo waje sannan su saurare ka. Zinkin da kake faɗa gaskiya ne, shi ya sa bodin motocin yanzu ke daɗewa da kyansa. Amma casis, da ƙarfen da injin ke zaune a kai, da hannayen tayoyi, da bututun birki, da marikin tankin mai, su siririn baƙin fenti kawai suke da shi. Ford ma da ta mayar da bodin F-150 alminiyam a 2015, casis ɗin ƙarfe ta bar shi.

Kuma ba zancen da ba ne. A 2016 Toyota ta amince da sasantawar da za ta iya kai dala biliyan 3.4 a Amurka saboda tsatsar casis, motoci wajen miliyan ɗaya da rabi: Tacoma ta 2005 zuwa 2010, Tundra ta 2007 da 2008, Sequoia ta 2005 zuwa 2008. Waɗanda suka huje aka canza musu casis sukutum. Toyota fa, da mu ke rantsuwa da ita.

Ni abin da ya fi ba ni tsoro bututun birki ne. Siriri ne, yana bi ta saman tanki da lungunan da ruwa ke kwanciya. Ba ya yi maka gargaɗi. Ranar da ka taka birki da ƙarfi don kauce wa wani, ranar yake fashewa, ƙafarka ta tafi har ƙasa. Duk wanda za a canza wa, ya ce a sa masa na tagulla da nikel, shi gishiri ba ya cinsa.

Abu Hanif, Minneapolis:
To ai ka kawo ni gida Kawu. Hukumar NHTSA mai kula da tsaron motoci a Amurka, da ta gama binciken bututun birki a 2015, me ta ce wa masu motocin 2007 zuwa ƙasa a jihohin gishiri? Cewa ta yi su riƙa wanke ƙarƙashin mota cikin sanyi da bayansa, su kai a duba bututun. Ba ta ce kowa ya je ya yi wa motarsa wanka da mai ba.

Injiniya, Edmonton:
Nan Abu Hanif yana da gaskiya, wanki ne hukumar ta faɗa. Sai dai ba kishiyoyi ba ne. Wanki na cire gishirin da ruwa zai iya kaiwa, mai na tsare inda ruwan wanki ba ya kaiwa. Kuma a sasantawar da Kawu ya kawo, motocin da casis ɗinsu bai kai ga hujewa ba maganin tsatsa aka fesa musu. Ka ga kamfanin da kansa da abin ya zo wuya feshi ya koma.

Shi wankin ma akwai yadda ake yi. A jira ranar da sanyi ya sassauta ya haura sifili, in ba haka ba ƙofofi da birkin hannu su daskare. A zaɓi wanda ke watsa ruwa daga ƙasa. Wanda ya fi kowane muhimmanci shi ne na ƙarshen Maris ko Afrilu, domin da ɗumi ya shigo ne gishirin da ya taru ke fara aiki gadan-gadan.

Maman Ilham, Ottawa:
Injiniya, to garejin da ke da ɗumi fa? Sabon gidan da muke nema har da shi ake yi mana talla.

Injiniya, Edmonton:
Hajiya, daɗinsa naki ne da yara, motar ita ke biya. Motar da ta kwana waje a digiri 20 ƙasa da sifili komai na jikinta a daskare yake, tsatsa kusan tsayawa take yi. Wadda ta shiga gareji mai ɗumi kuwa, ƙanƙarar da ta ɗauko a madigadi ta narke, ta kwana cikin ruwan gishiri mai ɗumi, gobe ta sake ɗaukowa. Ban ce kada ki shiga ba, amma ke kin fi kowa bukatar feshin. A riƙa kakkaɓe ƙanƙarar kafin a shiga, a share ruwan ƙasa, a bar iska na shiga.

Ɗan Maraɗi, Montreal:
Ni fa ina da tambaya, kada a yi mini dariya. Tunda dai mai ne, baƙin mai ba zai yi ba? Wanda aka juye daga inji. A gida da shi muke shafe katakon rufi saboda gara, a shafa wa ƙofar ƙarfe. Kyauta ne kuma.

Kawu Bakanike, Buffalo:
Ba abin dariya ba ne ɗan uwa, tsofaffin manoman nan ma sun yi a da. Amma kada ka yi. Man da ya gama aiki a inji yana ɗauke da dattin ƙonuwa da guba, yana cin roba, ba ya kama jiki, ruwan farko zai wanke shi zuwa magudana. Maƙwabci ɗaya ya gan ka ya buga waya, za a iya cin ka tara. Idan da hannunka kake so ka yi, akwai Fluid Film da Woolwax, daga maiƙon gashin tumaki ake yin su. Ka sayi gwangwani da dogon tiyo mai shiga rami. Ka dai kiyaye fayafayan birki, da salansa, da bel ɗin inji. Kuma kada ka shiga ƙarƙashi a kan jak kaɗai, ka kafa mata ƙafafun ƙarfe.

Maman Ilham, Ottawa:
Shi ne wanda maigida ya taɓa gwadawa! Sati guda mota na warin tunkiya, yara suna tambaya ko ragon layya aka ɗauko.

Baban Sadik, Hamilton:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na kira wani wurin feshi, sai suka ce za su huda ƙananan ramuka a ƙofofi da ginshiƙai. Ni fa nan gabana ya faɗi. Ina gudun rami kuma in biya a yi mini rami?

Kawu Bakanike, Buffalo:
Haka irin su Krown da Rust Check ke yi, ramin bai fi kaurin biro ba, su shafa maiƙo su toshe da ɗan murfin roba. Ban taɓa ganin tsatsa ta fara daga irin ramin ba, wurin ne ma ya fi ko'ina shan mai. In ranka bai kwanta ba ka ce kada su huda, su bi ta ramukan da ke jikin motar tun asali, akwai masu yin haka. Abin da za ka tsaya a kai shi ne su shafa wa robobin ƙofa silikon kafin su fara, don mai na sa wasu robobin kumbura. Kuma ka tsaya ka kalla. Aikin da aka gama cikin minti goma sha biyar ba a shiga lungu ba.

Ka sayi tabarmar roba mai baki a maimakon ta kafet. Gishirin takalmi na ratsa kafet ya ci daɓen mota daga sama, mutane na mantawa da wannan.

Hajiya Uwani, Aberdeen:
Mu nan Birtaniya ba zaɓi ba ne ma. Gwajin MOT na shekara-shekara, idan tsatsa ta ci ƙarfe a cikin santimita 30 daga inda birki ko sitiyari ko bel ɗin kujera ya kama, mota ta faɗi, sai an yi walda. Waxoyl mutane ke amfani da shi nan, mai kakin zuma-zuma.

Alhaji Mai Motoci, Kano:
Salamu alaikum. Yarona ne ya sa ni a zauren nan, ina ta karatu ban tanka ba, amma yanzu dole in yi magana. Wannan baƙin shafen da Malam Bakanike ya kwatanta, wallahi mu ne ƙarshen masu shansa. Mota ta sauka a Kwatano ko Tin Can, bodi kamar a lasa, kujeru tsaf, ƙarƙashi baƙi ƙirin sabon fenti. Mai saye ya leƙa ya ce ma sha Allah. Wata shida a hanyoyinmu, ramin farko mai kyau, hannun taya ya tsinke ko shokazoba ta ɓullo cikin but. A kai gareji, duk notin da aka taɓa ya karye, sai an kira mai walda ya hura wuta. Mai motar ya dawo kaina, ni kuma wanda ya turo yana can ƙetare ya kashe waya. Ku da kuke can, don Allah ku ji tsoron Allah a kan abin da kuke loda mana.

Ɗan Gwanjo, Newark:
Ranka ya daɗe Alhaji, a yi mana adalci. Ku ne za ku kira ku ce ga kuɗin da ke hannunku, a nemo ƙirar kaza. Kuɗin nan motar Ohio ko Michigan yake saye, ba ta Texas ba. Sannan tsatsar nan da ta iso arewa ta tsaya, babu gishiri babu danshi. Fentin kuma masu saye ke so, in ka turo ta da jan ƙarƙashi ko tsatsar sama-sama ce sai a ce ruɓaɓɓiya ce a karya mata kuɗi.

Injiniya, Edmonton:
Ta rage gudu dai, ba ta tsaya ba. Gishirin da ke cikin gaɓoɓi yana nan, ya hau jirgi tare da motar, damina na zuwa ya farka. Wadda ta tsaya a Legas ko Fatakwal kuwa ba ta ma huta ba. Kuma ƙarfen da ya riga ya sirance ba ya komawa, hanyar Kano zuwa Gusau kuma ba irin ta New Jersey ba ce.

Malam Na Zaure, Columbus:
Ɗan Gwanjo, sayar da mota mai tsatsa halal ne idan an faɗa. Rufe aibi da fenti don kada mai saye ya gani shi ne algus, kuma hadisin sananne ne, wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ka ɗauki hoton ƙarƙashin kafin ka taɓa, ka tura, in ya yarda a hakan ka fesa abin da kake so. Balle abin da ya shafi birki, rayuka ne.

Ɗan Gwanjo, Newark:
Allah gafarta Malam, ni ina tura hoto. Amma hoton a wurin dillali yake tsayawa, ba ya isa wurin wanda zai hau motar da iyalinsa. A tambayi Alhaji ko yana nunawa.

Alhaji Mai Motoci, Kano:
Wanda aka turo mini ina nunawa. Nawa ne ake turowa?

Shugaban zaure:
Jama'a a sassauta, kada a fara kiran suna. Mu tsaya a kan yadda za a gane.

Kawu Bakanike, Buffalo:
Alhaji, gane shi ba wuya in an ɗaga mota ko an hau rami. Sabon baƙin fenti a ƙarƙashin motar shekara goma shi kansa alama ce. Ka duba ko fentin ya hau kan salansa da notuna da robobi, masana'anta ba ta fenti haka. Ka sa yaro ya bi casis da ƙaramar guduma: ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi tangaran, ruɓaɓɓe kuwa bif kake ji, wani lokacin har ka ji ɓawo na zuba a ciki. Ka zura yatsa a ramukan casis ka ga abin da zai fito. Ka ɗaga kafet ɗin but, ka cire safaya ka duba kwarminta. Jan da ke sama-sama wanda buroshin ƙarfe ke gogewa ya bar ƙarfe sumul, wannan ba komai ba ne, kada ka karya wa mutum kuɗi a kansa. Wanda ya kumbura yana ɓarewa faifai-faifai shi ne abin gudu.

Baban Sadik, Hamilton:
Na gaya wa dillali ba na so, ya sauko zuwa dala 800, na ce a bar shi dai. An ɗaga motar, ja kaɗan ne a ƙarfen baya, mai duba ya ce na sama ne. Ranar Talata za a fesa.

Abu Hanif, Minneapolis:
Allah ya sa alheri. Ni dai ina nan a kan wankina. Amma zan sayi fitilar Kawu.

Alhaji Mai Motoci, Kano:
Ɗan Gwanjo, mu bar faɗan. Waɗanne jihohi zan riƙa cewa a nemo mini, ko da zan ƙara kuɗi?

Ɗan Gwanjo, Newark:
Arizona, Texas, Georgia, California, ƙarƙashinsu tas. New York, Pennsylvania, Ohio, Michigan, Illinois, Minnesota da duk gabashin Kanada, a ɗaga a duba. Amma abu biyu Alhaji. Filin gwanjon da mota take ba shi ne inda ta yi rayuwa ba, ana kwaso na arewa a kai kudu a sayar, don haka ka karɓi lambar casis ka sa yaronka ya ciro rahoton Carfax, zai nuna jihohin da aka yi mata rajista shekara bayan shekara. Na biyu, na Texas da Louisiana da Florida su kuma ambaliya ce matsalarsu. Bayan guguwar Harvey a Houston a 2017 motocin da ruwa ya shanye sun cika filayen gwanjo. Su ba guduma ake sa musu ba, layin kujera ake dubawa da wayoyin ƙarƙashin kafet, a ja bel ɗin kujera har ƙarshensa a ga ko akwai shatin laka.